Wadda Ta Rage a Reshen Stavanger

Lavonne Tackett ba da niyyar zama ta zo Norway ba. Koyarwa ce ta kawo ta Stavanger a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da aka tono mai a ƙarƙashin teku, Amurkawa suka yi ta kwararowa garin da matansu da 'ya'yansu har da karnukansu. An buɗe wa yaran makaranta, ana neman malamai. Ita kuwa tana da shekara ashirin da shida, ta gaji da ƙaramin garinsu na Oklahoma inda kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Ta ce wa mahaifiyarta shekara biyu kawai za ta yi ta dawo.

Kafin shekara biyun su cika ta haɗu da Torleif Vestvik, makanikin jirgin fiton da ke kai mutane tsibirai. Dogo ne, ga faɗin kafaɗa, amma magana ba ta dame shi ba. Zai zauna da kai tun safe har rana ta take bai ce maka komai ba ban da "a ƙaro kofi?" Lavonne ta taso a gidan da kowa ke magana lokaci guda, don haka shirun nan ya burge ta. Suka yi aure, suka tare a wani jan gidan katako a Hundvåg, ta haifi 'ya mace aka sa mata Ingunn. Sai daga baya ta gane shirun ba na Torleif kaɗai ba ne, na unguwar ne gaba ɗaya. Maƙwabta mutanen kirki ne. In dusar ƙanƙara ta zuba za su share maka ƙofar gida ba ka roƙa ba, amma za a shekara babu wanda ya ce maka shigo.

Ana nan sai matan manyan ma'aikatan mai suka yi shawarar buɗe reshen Ƙungiyar Jikokin Mayaƙan 'Yanci. Can gida tsohuwar ƙungiyar mata ce, ba a shigarta sai macen da wani kakanta ya taka rawa a yaƙin da Amurka ta samu 'yancin kanta da shi. Uwar ƙungiya ba ta yarda a buɗe reshe sai mata sun kai goma sha biyu, su kuwa mutum ɗaya ta rage musu. Wata ta tuna da malamar makarantar nan da ta auri ɗan ƙasa, an ce kakarta 'yar ƙungiya ce.

Wadda aka turo mata ita ce Cordelia Aasland, 'yar Boston, matar ɗan gidan masu jiragen ruwa. Ta girmi Lavonne da kusan shekara goma, ta kuma riga duk Amurkawan zuwa garin. Ta shigo falon ba ta ko cire safar hannu ba.

"An ce kakarki tana cikinmu," in ji ta.

"Ƙwarai. Da lambar ƙungiya a ƙirjinta aka binne ta."

"Madalla. Shi kakan naku, wane muƙami ya riƙe a yaƙin?"

"Alfadarai yake kora. Gishiri da gari yake kai wa sojoji."

Cordelia ta dubi takalman robar Torleif da ke bakin ƙofa. "To. Ai irinsu ma ana ƙirga su. Mu namu kanar ne."

"Ashe kanar ɗin bai ci miya lami ba, albarkacin kakana," in ji Lavonne.

Tun daga ranar jininsu bai haɗu ba. Amma Lavonne ta shiga, aka buɗe reshe, Cordelia ta zama shugaba.

Alhamis ta farko a kowane wata ake taro, yau a falon wannan, gobe a na waccan. Za a kafa tuta kusa da taga, kowa ta miƙe ta dafa ƙirji a yi alkawarin biyayya, a rera taken ƙasa, wata ta karanta ɗan tarihi. Daga nan sai a sauko kan kek ɗin kabewa da burodin masara, da labarin wane kanti ne ya kawo man gyaɗa irin na gida. A ƙarshen watan Mayu kuma su shiga jirgin Torleif su tsallaka wani tsibiri, inda aka binne wani matuƙin jirgin ruwa Ba'amurke da igiyar ruwa ta turo gawarsa lokacin yaƙin duniya. Su wanke dutsen kabarin, su cire ciyawa, su ajiye furanni, yawanci ruwan sama na dukansu.

Lavonne da kanta ta yi mamakin yadda abin ya shiga ranta. Tana yarinya, in kakarta ta ja ta taron nan barci take yi. Yanzu kuwa tun ana sauran mako take ɗoki. Ba tutar ba ce, ba kuma tarihin ba. A harshen Norway ita mace ce mai kunya da ladabi, don ba ta da kalmomin tsiya a cikinsa, kafin ta haɗa zolaya an wuce wurin. A falon nan kuwa tana buɗe baki za a kwashe da dariya daidai inda ya kamata. Takan dawo gida muryarta a dushe. Torleif ya dube ta ya ce, "Yau kin yi maganar wata guda ke nan."

A nan ta samu Ruthann Sizemore, 'yar Louisiana, gajera mai ƙatuwar murya, wadda ke zuba barkono a duk abin da aka ba ta har da dafaffen kifin surukar Lavonne. Suka shaƙu kamar ciki ɗaya. Ruthann ce ta kwana da ita a asibiti lokacin da cikinta na biyu ya zube. Ita ce kuma ke kwaikwayon tafiyar Cordelia a kicin, hanci a sama, har sai Lavonne ta toshe baki da tawul.

Sai dai matan kamfani ba mazauna ba ne. Shekara uku, huɗu, a ɗauke mijin a tura shi wata ƙasar. Ranar da aka raka Ruthann filin jirgi ta rungume Lavonne tana kuka tana cewa, "'Yar uwa, ki rantse za ki zo. Ɗakinki na nan." Lavonne ta rantse. Suka yi ta waya a shekarar farko. Daga baya ya koma katin Kirsimeti. Daga baya katin ma ya zama wanda aka buga wa kowa da kowa, da hoton jikoki.

Haka abin ya ci gaba. Sabuwa za ta zo, Lavonne ta nuna mata likita da kasuwa da yadda ake sa wa yaro kayan sanyi, su saba, su fara faɗa wa juna abin da ke ransu, sai a ce an yi wa mijin canjin wuri. Duk mai tafiya sai ta bar mata wani abu: tukwane, labule, tukunyar fure, har kyanwa. Torleif ya taɓa tsayawa a ɗakin ajiya ya ce, "Amurka dai ta tare a gidan nan kaɗan-kaɗan, mutanen ne kawai babu." Ya faɗa ne don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Bayan wani lokaci ta koyi yi wa sababbin zuwa kirki ba tare da ta bari sun shiga ranta ba.

Mutum ɗaya ce ba ta zuwa ko'ina, ita ce Cordelia.

Shekaru suka tura. 'Yan ƙasa suka ƙware a aikin mai, Amurkawa suka ragu. Waɗanda ke zuwa yanzu matan ma aiki suke yi, ba mai lokacin taron rana. Falon da a da ake aro kujeru daga maƙwabta ya koma mutum shida, ya koma huɗu. Lavonne, wadda ta daɗe da zama sakatariya, ta je wa 'yarta Ingunn, lokacin ta zama ma'aikaciyar jinya da nata iyalin.

"Kina da haƙƙin shiga, jinina ce ke. Ko don mu ɗan yi yawa."

"Haba Mama. In dafa ƙirji in yi wa tutar ƙasar da ban sani ba sai a hutu alkawari? Ni 'yar nan ce."

"Rabinki dai."

"To rabin nawa ya gaji, Mama, daga aiki nake." Ta sumbaci goshin uwar tana dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba. Lavonne ta shiga mota ta daɗe ba ta tayar ba.

Torleif ya rasu da kaka, yana fentin ƙaramin kwalekwalensa zuciyarsa ta tsaya. Maƙwabta suka kawo furanni, suka riƙe hannunta, suka tafi suka bar ta ta huta, don a wurinsu haka ake mutunta mai makoki. Ingunn na zuwa in ta tashi aiki. Sauran lokacin kuwa Lavonne na kwance, labule a sake. A da tana ganin gidan shiru ne. Yanzu ta gane akwai tarin Torleif, da ƙarar cokalinsa a kofi, da takunsa a matakala, duk sun tafi tare da shi.

Wata safiya aka danna ƙararrawa aka ƙi saki. Cordelia ce, da sanda a hannu ɗaya, kwanon gasasshiyar kaza a ɗayan.

"Subhana, dubi gashinki. Tashi ki wanke shi. Jibi akwai taro."

"Mijina ya mutu, Cordelia."

"Na sani, ina wurin jana'izar. Nawa ma ya mutu, ba ki ga na fasa taro ba. Ke ce sakatariya."

"Ke dai ba ki da zuciya a ƙirji."

"An sha faɗa. Ina cokulanki? Wannan kicin ɗin sai ka ce na gwauro."

Lavonne ta ci kazar ne don haushi, ta wanke gashin don haushi, ranar Alhamis ta je taron don ta samu wanda za ta harara. Sai a hanyar dawowa ta lura rabon da ta ji yunwa tun ranar rasuwar.

Ba a daɗe ba sauran biyun suka tafi, ɗaya ta koma wurin 'ya'yanta a Texas, ɗaya ta rasu. Ya rage su biyu, sai wasu tsofaffin 'yan reshen da suka bar sunayensu daga nesa don kada a rufe shi. Cordelia ta ƙi rage ko abu ɗaya daga tsarin taro. Za a kafa tuta, su miƙe da ƙyar, su rera taken ƙasa da muryoyinsu masu rawa.

"Madam Sakatariya, akwai wadda ta ba da uzurin rashin zuwa?"

"Madam Shugaba, duk duniya ta ba da uzuri."

"A rubuta. Ina kawo shawarar bana a sayi jan fure a kai kabari."

"Fari dai."

"A jefa ƙuri'a. Ɗaya da ɗaya. Shugaba ce ke raba gardama. Ja."

"Mulkin kama-karya ke nan. Kakana bai kori alfadarai don wannan ba."

Sai su zauna su ci kek, su yi musu a kan shugaban ƙasa, a kan yadda ake gasa talotalo, a kan wata mata da ta bar garin tun shekara talatin. Lavonne ba ta taɓa kiran Cordelia ƙawarta ba. In Ingunn ta tambaya sai ta ce, "Wajen fitinanniyar tsohuwar nan za ni." Amma tun daren Laraba take goge rigar da za ta sa.

Rikicewar tsufa ta fara a hankali. Cordelia ta buɗe taro sau biyu a zama ɗaya. Ta sa tabarau a firji. Sannan harshen Norway, wanda ta fi shekara hamsin tana yi, ya zube mata kamar ba ta taɓa jin sa ba. 'Ya'yanta maza biyu suka koma yi mata Turanci, ta ce su wane ne waɗannan baƙin masu magana kamar an koya musu. Daga ƙarshe suka kai ta gidan kula da tsofaffi.

Lavonne ta ci gaba da zuwa, da 'yar ƙaramar tuta a jaka. Takan soke ta a cikin kofin ruwa a kan teburin gefen gado. Cordelia ba ta san ranar ba, ba ta san garin ba, amma da an fara alkawarin biyayya hannunta zai tashi da kansa ya sauka a ƙirji, ba ta kuskure kalma ko ɗaya.

Wata rana bayan sun gama ta kama hannun rigar Lavonne. "Ke daga gida kike, ko? Na ji bakinki."

"Daga Oklahoma."

"Oklahoma," ta ɗan taɓe baki. "To, ba laifi. Zo kusa." Ta rage murya. "Kada ki tafi ki bar ni da mutanen nan. Suna da kirki, amma ba na gane su. Kowa tafiya yake yi. Na raka su filin jirgi har na gaji. Akwai wata da ba ta tafi ba, mai baƙar magana. Ita nake jira. In ta zo ki ce mata na ajiye mata kujera."

Lavonne ta buɗe baki za ta ce ai ni ce, sai ta fasa. Duk shekarun nan tana ganin ita kaɗai ake bari a baya. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa matar nan mai hanci a sama ta fara rakiyar tun kafin ita ba, ta kuma fi ta daɗewa tana yi. Ta gyara mata bargo ta ce, "Zan gaya mata. Za ta zo." Ta zauna riƙe da hannunta har aka kawo abincin yamma.

Cordelia ta rasu kafin bazara. Da harshen Norway aka yi komai na jana'izar, waƙoƙi da wa'azi. Da aka fito maƙabarta, Lavonne ta jira mutane suka ja baya, ta tsaya a bakin ramin ta rera baiti ɗaya na taken ƙasarsu, a hankali. Babban ɗan marigayiyar ya zo ya yi mata godiya cikin ladabi, ya tambaye ta ko tana da motar komawa.

Uwar ƙungiya ta sanar da ita, da kalmomi masu daɗi, cewa reshen da ba shi da mai taro a ƙasar ba zai ci gaba ba. Ba ta yi gardama ba. Ta ninke babbar tutar, ta ce za ta kai ta da hannunta reshen garinsu, inda kakarta ta yi zamani. A ranta kuma akwai wani tunanin da ba ta gaya wa Ingunn ba: in ta ga wuri, ƙila ta yi zamanta.

Da ta isa Oklahoma, ƙanwarta Darlene ta tarye ta da ihu da kuka. Gidan cike da 'ya'ya da jikoki, talabijin na yi, kare na haushi, kowa na magana lokaci guda kamar yadda ta bari. Kwana biyu kanta ya fara ciwo. Ta cire takalmi a bakin ƙofa aka yi mata dariya. A kanti mai sayarwa ya miƙo mata kaya, godiyar Norway ta kuɓuce mata. Zolayar da take ji da ita ma ta tsufa, yaran ba su san mutanen da take ambata ba.

Ranar taron reshe, Darlene ta ja ta gaban mata wajen arba'in ta ce, "Ga yayata 'yar Norway da nake ba ku labari!" Aka tafa. Suka karɓi tutar da girmamawa, shugabarsu ta ce za a nema mata wuri mai kyau. Lavonne ta shirya za ta ba su labarin Cordelia da kabarin tsibiri, amma wata ta ɗaga hannu ta ce, "Don Allah ki ɗan yi mana yarenku mu ji." Ta yi musu. Suka ce kai, abin sha'awa. Wata ta tambaye ta ko gaskiya ne rana ba ta fitowa a can. Daga nan aka wuce maganar abincin taron gaba.

Da yamma suna zaune a baranda Darlene ta ce, "Yaya, ki dawo gida mana. Me ya rage miki a can?"

Lavonne ta dubi filin da ya miƙe har ƙarshen gani, babu dutse, babu ruwa. Ta ce, "Zan yi tunani." Su biyun sun san amsar.

Ingunn ce ta ɗauko ta a filin jirgi, ana yayyafi. "Yaya gida, Mama?"

"Zafi," in ji Lavonne. Can sai ta ƙara, "Suna gaishe ki."

A shekarar ta sayar da jan gidan, ta raba tukwane da labulayen mutane, ta koma wani ƙaramin ɗaki a bene kusa da tashar jiragen ruwa. Tana nan har yanzu, ta kusa tamanin, ƙafa ta yi nauyi amma hankalinta garau. Ingunn na zuwa ran Lahadi da jikoki, su ci waina da cuku, su yi hira da harshen ubansu.

In bazara ta yi, manyan jiragen yawon buɗe ido na tsayawa a ƙasan tagarta. Takan sa rigar ruwa, ta ɗauki kofi a fulas, ta sauka ta zauna a benci inda fasinjoji ke wucewa. Ba ta yi wa kowa magana. Saurare kawai take yi, tana rarrabe su a ranta: wannan bakin Texas ne, waccan daga Georgia take, wancan ɗan arewa ne. Ran nan wani dattijo mai hular kaboyi ya tsaya a gabanta, ya ɗaga murya yana jan kalmomi ɗaya-ɗaya don ta gane, ya tambaye ta hanyar tsohuwar majami'a. Bakinsa irin na mutanen garinsu ne sak. Lavonne ta dube shi, ta ɗaga hannu ta nuna masa hawan da zai bi. Ya yi godiya, ya kama hannun matarsa. Tana ji yana ce mata, "Tsofaffin ƙasar nan akwai kirki, sai dai ba sa magana." Ta bi su da ido har suka sha kwana, sannan ta zuba sauran kofinta ta shanye.